Wa Zai Taka wa Mai Agogo Birki?

Babanmu mai gyaran agogo ne, kuma duk wani abu mai noti a duniyar nan, a wajensa agogo ne da ya yi girma fiye da kima. Fanka agogo ce. Keken ɗinkin Inna agogo ne. Motarsa kuwa ita ce babban agogon, wadda yake ji da ita fiye da mu 'ya'yansa, in ka cire ni, don ni ce auta kuma ba na yarda a haɗa ni da kowa.

Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, in ya ware hannuwa sai ya taɓo bango da bango. Akwai akwatin gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Agogunan bango sun cika wurin, kowanne da lokacin da yake faɗa. In ka tambaye shi wanne ne mai gaskiya, sai ya ce duk marasa lafiya ne, ba a kama majinyaci da laifin ƙarya. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har Inna ma in ranta ya ɓaci.

Motar ya saye ta ne hannu na biyu, wasu sun ce na huɗu. 'Yan unguwa suka raɗa mata Sai-an-daɗe, saboda a hannun Baba sannu ba ta hana zuwa. Wallahi da idona na ga mai keke ya wuce mu, ya tuna bai gaishe da Baba ba, ya juyo ya gaishe shi, ya sake wuce mu. Baba ko a jikinsa. Ya ce mai gudu da mai sannu duk gida ɗaya za su kwana.

Sau ɗaya tak ya taɓa kai ta wurin makanike. Da aka gama, makaniken ya miƙo masa wasu notuna a tafin hannu ya ce, "Waɗannan ƙari ne." Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ƙari? Wanda ya ƙera ta mahaukaci ne da zai zuba ƙarfe a banza?" Tun daga ranar babu baƙon hannun da ya ƙara taɓa ta. A tsakar gida yake yi mata komai, kuma aikin da ya fi so shi ne canjin takalmin birki.

Ranar canjin takalmi ba ranar wasa ba ce a gidanmu. Sai an share tsakar gida tas. Sai ya shimfiɗa tsohon farin zanen gado a gefen mota, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami. Ya kara dutse a bayan taya, ya sassauta notuna, ya ɗaga ta da jak, ya zare tayar. Duk notin da ya fito yana da wurin zamansa a kan zanen, kuma kaiton yaron da ya gifta ya ture ɗaya. Daga nan ya kwance ƙarfen da ke rungume da faifan birki, ya zaro tsofaffin takalman da suka siɗe, ya ɗaga su sama yana yi musu sannu da aiki. Ya tura fistin, ƙarfen da ke matsa takalmi, baya a hankali, ya zura sababbi, ya mayar da komai inda ya same shi.

Amma aikin yana da wani ƙarshe da Baba ba ya yi shi kaɗai. In an sa sabon takalmi, birki ba ya kamawa nan take. Sai an tattaka shi har ya yi tauri a ƙafa, in ba haka ba ka tayar da mota ka taka, ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa, ita kuma motar ta ci gaba da harkarta. Kowane direba shiga yake ya taka da kansa. Baba kuwa a'a. Shi sai ya durƙusa a gindin taya ya kara kunne, wai don ya ji lokacin da takalmin ya kama faifai, yadda yake kara agogo a kunne. To mai kunne a taya ba shi da ƙafa a birki. Shi ya sa tun kafin a haife ni, Inna ce ke shiga ta taka.

Inna ba ta taɓa tuƙa mota ko taku ɗaya ba. Amma in ka gan ta ranar nan sai ka rantse direbar tirela ce. Ta gyara ɗaurin zane, ta cire takalminta a ƙofar mota, ta zauna ta kama sitiyari da hannu biyu, ta ɗaure fuska.

"Innarsu, taka!"

"Na taka."

"Saki! Taka!"

"Malam, ƙafa ce fa, ba inji ba."

Haka za su yi ta yi har ta ce, "Ya yi tauri." Shi kuma ya ce, "Na ji ya kama." Kafin ta fito sai ta danna hon sau ɗaya, ta ce ladanta ke nan. Mu yara mu yi ta tafi.

Ana nan zamani ya juya. Waya ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Masu zuwa shago suka ragu, sai tsofaffi irinsa da ke kawo agogo don su sami wurin hira. Abin da ya rage wa Baba shi ne motar. Ita ce ta sa har yanzu ake buga mana ƙofa: Mai Agogo, a taimaka a kai mu asibiti, Mai Agogo, yara sun makara, Mai Agogo, baƙuwa ce za a ɗauko a tasha. Bai taɓa cewa a'a ba, ko da yake wanda ya makara in ya shiga motarsa sai dai ya ƙara makara. Ya taɓa ce min, "Auta, ranar da na ajiye mukullin nan na zama kujerar tsakar gida, sai dai a kewaye ni a wuce." Na yi dariya a lokacin, don ban ɗauka ranar tana tafe ba.

Sai ido ya fara. Da farko abin dariya ne. Ya tsiyaya shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. Ya tsaya ya gaishe da sandar wutar lantarki, a zatonsa maƙwabcinmu Dogo ne, har ya dawo gida yana mita wai Dogo ya fara girman kai. Likita ya ba shi tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya kuma faɗa mana a gefe cewa ba irin ciwon da ake kankarewa ba ne. Daga baya ya take bokitin wankin maƙwabciya. Daga bokiti sai ya goga gefen motar a bangon shago, ya dawo ya ajiye ta da gefen da ya ƙwarzanu a jikin katanga, a tunaninsa ya ɓoye. Ya manta Inna ce ke shanya a wurin.

Inna ta ɗauki waya ta kira babban yayanmu, wanda muke ce wa Alƙali tun yana ƙarami saboda ba ya buɗe baki sai da hukunci. Ya zo daga ofis da rigarsa a guge, ya kewaya motar, ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ba raini ba ne. Amma daga yau ko ƙwarzane ɗaya na ƙara gani, zan karɓi mukulli."

Baba ya ce, "In laifin mota ne fa?"

"In laifin mota ne, a gyara mota. In na ido ne, a ajiye mukulli."

"Na yarda," in ji Baba, don shi a ganinsa idonsa lafiya lau, duniya ce ta yi hazo.

Alƙali bai sha fushin ba. Inna ce ta sha. Baba ya ɗauki gaba da ita, irin gabar da ko yaran makaranta sai su ji kunyarta. Tabarma ɗaya suke zaune, amma sai an yi musu tafinta. Ni da nake gidan mijina a bayan layi, kullum sai na taka na zo aikin da ba albashi.

"Auta, ki gaya wa 'yan rahoton gidan nan shayina ba sukari."

"Ki gaya masa sukari na gabansa, in yana gani."

Tana faɗa ta kama bakinta. Baba ya shanye shayin haka nan ba sukari don kada ya laluba a gabanta. Ni kuwa na ce, "Ku dai kun girma ba ku san kun girma ba! Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ba na ganin suna aiko ni." Duk suka yi min kunnen uwar shegu. In ba na nan, kyanwar gidan ce ke karɓar aikin. Baba ya dube ta ya zayyana mata ƙorafinsa, Inna ta amsa wa kyanwa daga madafa.

Ana cikin haka birki ya fara kuka. In Baba ya taka, sai ka ji ƙiiii tun daga bakin layi. Ya sayo sababbin takalma, ya sanar da kyanwa cewa ƙarshen mako zai canza, kuma ba ya buƙatar ƙafar kowa. Kyanwa ta yi hamma. Inna ta ce wa tukunya, "Allah ya ba da sa'a."

Ranar da safe na zo na tarar an shimfiɗa farin zane. Alƙali ma ya zo, wai gaisuwa ce ta kawo shi, ya ja kujera ya harɗe hannuwa. Gaisuwa da harɗe hannu! Baba ya gane, sai ya ƙara yanga, yana fito, yana juya sifana a yatsa.

Gaskiya hannun nan bai tsufa ba. Ya ɗaga mota, ya zare taya, ya kwance ƙarfen, duk ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Amma ni da nake tsugune kusa da shi na ga abin da Alƙali bai gani ba daga kujera. Ba da ido yake aikin ba. Yatsunsa ne ke bin zanen suna ƙirga wurin zama, shi ya sa yake kamo abin da yake so. Da ya zaro tsohon takalmi bai ɗaga shi sama ya duba ba, sai ya shafa shi da babban yatsa.

Can sai wani ɗan noti ya suɓuce masa, ya gangara ya tsaya dab da ƙafarsa. Yana nan a fili, baƙi a kan siminti. Baba ya fara shafa ƙasa ta wancan gefen, yana ci gaba da fito don kada a gane. Ina shirin miƙa hannu sai ga Inna da tsintsiya. Tsakar gidan da aka share tas da asuba, wai yanzu ta ga datti. Ta sharo, ta sharo, ba ta dubi kowa ba, ta turo notin har ya taɓa yatsansa, ta wuce tana faɗa da kyanwa. Baba ya ɗauka ya ce, "Yawwa, dama na san inda na ajiye ka."

Ya gama gefe ɗaya, ya koma ɗayan, ya mayar da tayu, ya sauke jak. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. A nan ne a da yake ɗaga murya ya ce, "Innarsu!" Na ga bakinsa ya buɗe da kansa. Sai ya mayar da shi tari. Ya naɗe zanensa ya wuce bayan gida wanke hannu, kuma wanke hannun Baba sai an bi kowane farce da tsinke. Alƙali kuma waya ta kira shi, ya fita ƙofar gida yana yanke wa wani hukunci.

Na tsaya ina jiran in ga ko Baba zai tuna ya taka da kansa. Ina zai tuna? Abin da mutum bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ba ya cikin lissafin aikinsa. A wajensa in an sauke jak, sauran na Inna ne.

Sai ga ta ta fito daga madafa a kan yatsun ƙafa, tana waige-waige. Ta buɗe ƙofar mota a hankali, ta cire takalmi, ta shige. Ba wanda ya ce mata taka, ba wanda ya ce saki, amma na ga leɓenta yana motsi. Ta taka, ta saki, ta taka, har ƙafar ta daina nutsewa. Hannunta ya tafi kan hon, ta janye shi da sauri. Da ta fito ta nuna ni da yatsa.

"Idonki ya gani, bakinki bai gani ba. In kika faɗa, ni da ke ne."

"Inna, wai ba gaba kuke ba?"

"Gaba muke mana. Gaba ce za ta sa in bar shi ya kashe kansa?"

Baba ya dawo da hannu fes, ya shiga mota, ya ce a faɗa wa mutanen gida zai zaga layi ya gwada aikinsa. Na buɗe masa ƙyauren ƙofar gida duka biyu. Ya tayar, ya sa giya, Sai-an-daɗe ta fara rarrafe. Ginshiƙin ƙofar nan yana tsaye tun kafin a yaye ni, kuma Baba ya wuce shi sau ba adadi. Na ga hancin motar ya ɗan karkata dama. Na ce zai gyara. Bai gyara ba. Na buɗe baki ke nan na ji ƙum, sai tartsatsin gilashi. Fitilar dama ta zube a ƙasa.

Ba wani karo ne na a zo a gani ba, ko kyanwa ba ta tashi daga inda take ba. Alƙali ya katse waya ya shigo. Ya dubi fitila, ya dubi ginshiƙi, ya dubi Baba da ke zaune riƙe da sitiyari. Ya ja numfashi zai yi magana, sai Inna ta riga shi.

"Laifina ne."

Duk muka juya.

"Ban taka masa birki ba. Kai ma ka sani aikina ne, tun kana tafi da gajeren wando. Fushi ya sa na ƙi. Ya taka bai kama ba, to me kake so ya yi, ya sa ƙafa a ƙasa? Laifin mota ne da nawa. A gyara mota."

Innar da ta yi min dukan tsiya ina ƙarama don na ce ban sha madarar da na sha ba, ita ce ta tsaya ta shimfiɗa wannan ƙarya ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta kuma harare ni ta gefen ido, na haɗiye abin da ke bakina. Wallahi a raina murna nake. Na ce Baba ya tsira.

Alƙali ya sosa ƙeya. Na ga shi ma sauƙi ya ji, don ba son karɓar mukullin nan yake ba. Ya ce, "To, in haka ne... Amma Inna, wannan ai ganganci ne."

"Na ji. Yi min faɗan, na cancanta."

Ta tagar mota na ga gwiwar Baba tana motsi. Ya taka birkin, ya saki, ya sake takawa. Ya daɗe ƙafarsa na kai. Sannan ya kashe motar, ya juyo, kuma bai nemi ni ko kyanwa ba.

"Innarsu."

Inna ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Innarsu, wannan takun naki ne. Ya yi tauri."

"Malam, ka yi shiru mana," in ji ta. "Ana gyara maka magana kana ɓatawa."

"Birki lafiyarsa ƙalau. Ban taka ba ne." Ya cire tabaran ya goge a riga, ya mayar. "Ban ga ginshiƙin ba. Har na ji ƙara ban gan shi ba. Yau ginshiƙi ne. Gobe yaran da nake kaiwa makaranta suna wasa a ƙofar nan."

Inna ta juya mana baya ta ja gefen mayafi. Ni kam ban ɓoye ba, kuka na yi sosai, kuma haushin kowa nake ji: haushin Alƙali da hukuncinsa, haushin Inna da ta kira shi, haushin Baba da ya ƙi karɓar ƙaryar da aka yi masa kyauta.

Ya fito a hankali, ya rufe ƙofar motar da hannu biyu yadda ya saba. Ya zare mukullin daga zoben da ke ɗauke da na shago, abin ya ɗan ba shi wuya, ba wanda ya yi gigin taya shi. Ya ce, "Alƙali, zo ka karɓi abinka." Ya miƙa hannu.

Sai dai ba inda Yaya yake tsaye ya miƙa ba. Hannun Baba ya kauce da kamar taku biyu, wajen da babu kowa sai katanga. Hannun ya tsaya a iska da mukulli a ciki, yana jira. Yaya ya ɗaga ƙafa a hankali don kada takalminsa ya yi ƙara, ya matsa har ya daidaita da hannun, sannan ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.